Ranar da Na Saki Tattabaru a Filin Jirgi

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka sauya takardun kuɗi ba, lokacin da mutum yana da kuɗinsa a banki amma ya kwana da yunwa. Jama'a suna tuna ta da dogon layi a cikin rana. Ni kuwa ina tuna ta da wata Laraba bayan ƙaramar salla, ranar da na ci ado na tafi filin jirgi, na kunyata kaina, na kunyata malamata, na kuma ja wa ƙaninta abin da bai ji ba bai gani ba.

Gyaran keken ɗinki nake yi a Tudun Wada. Sai da na haura hamsin na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ina da karatun allo, amma boko sai dai in kalle shi ya kalle ni. Bayan la'asar muke haɗuwa a wata firamare, mu zauna a bencin yara, gwiwa tana neman taɓa haɓa. Malamarmu, Malama Rifkatu, 'yar Wusasa ce da ta yi ritaya daga koyarwa, don Allah kawai take zuwa. Ita ta naɗa ni shugaban aji. Ba don na fi kowa karatu ba (daga ƙarshe ake fara lissafa ni), sai don wai ina da haƙuri da natsuwa. Tun daga nan kowa ke ce mini Shugaba.

Abu ɗaya na iya wanda ba na jin kunyar kowa a kansa, shi ne kiwon tattabaru. Tun ina saurayi nake yi. A saman soronmu nake da ɗakinsu, kowacce na san uwarta da kakarta. Na hore su su tashi tare, su yi ta da'ira a sama ba su sauka sai sun ga ni a kan soro da faranti. Duk masu kiwo daga Tudun Wada har Tudun Jukun sun san garkena ya fi na kowa daɗewa a sama. Da wannan nake alfahari.

Wata rana Malama ta shigo aji fuskarta a sake.

"Ƙanina Ishaya ya samo mana izinin ziyarar filin jirgi," in ji ta. "A hasumiya yake aiki, su ne masu ba jirgi umarnin tashi da sauka. Amma ku saurare ni da kyau. Makon nan mutanen hukumar da ke kula da jiragen sama sun zo daga Abuja suna duba komai, har da shi kansa. Yana jiran su sa masa hannu a ƙara masa mataki a lasisinsa, a tura shi babban filin jirgi. Ya daɗe yana jira. An so a ɗaga ziyararmu, na ce in ruwa ya sauka rabin ajina gona za su koma. Shi ya tsaya ya ce ya ɗauki nauyinmu, dattawa ne ba yara ba. Sunansa ya ajiye saboda ku. Don Allah kada wanda ya zubar masa da shi."

Garba mai shayi, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ɗaga hannu. "Malama, za a ɗana mu a jirgin?"

"Za a ɗana ka a bas, shi ma in ka zo da wuri."

Sannan ta juyo ta ce ni zan karanta jawabin godiya. Layi huɗu ne kacal ta rubuta mini, amma na yi mako ina fama da su. Garba ya ce karatuna kamar tsohuwar akori-kura ce a hanya mai ramuka, a tafi kaɗan, a tsaya, a tura. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na fara tunanin abin da zan ƙara a kai, wanda zai sa a manta da in'inar da zan yi.

A shagon aski na samo dabarar. Talabijin na nuna wani taron manya, aka miƙa musu fararen tattabaru suka saki, jama'a na ta tafi. Na ce a raina, to ga shi. Baƙo ba ya zuwa gidan mutane hannu rabbana. Gida kuma na masu tashi sama, wace kyauta ce ta fi abin da ke tashi sama? Su nuna mana nasu, mu nuna musu namu. (Har yau idan na tuna irin daɗin da na ji da wannan tunanin, sai in rufe fuska.)

Na zaɓi ashirin da huɗu mafiya kyau, har da Zabiya, farar macen da ke jan garken, mai jan zobe a ƙafa. Hajara, matata, tana tsaye tana kallona ina jera su a babban kwando.

"Malam, ka tambayi Malamar kuwa?"

"In na tambaya ai ba sauran mamaki."

"To. Allah ya sa mamakin alheri ne."

Na rufe kwandon da tsohon zane, na sa babbar rigar salla. A bas Garba ya yi ta shinshina, yana cewa in dai dambun nama ne a fara da na kusa. Na ce tukuici ne, ba na yara ba. Direba kaɗai na gaya wa, shi ma ya ce ai abin zai yi armashi.

Bas ɗinmu a wajen shinge aka tsayar da ita, wurin ajiye motocin baƙi. Masu gadi suka rubuta sunayenmu, suka laluba aljihunanmu, suka ce duk wani kaya a bar shi a mota. Na tura kwandon ƙarƙashin bas inda ke da inuwa, na bar wa direba amana.

Malam Ishaya ya tarbe mu. Dogo ne, mai magana a hankali, yana ce mana Baba da Inna. Ya hau da mu hasumiya rukuni-rukuni, ya ce mu yi shiru kamar a masallaci ko coci. Gilashi ta ko'ina, mutum biyu da abin ji a kunne suna magana da ƙananan jiragen da ɗalibai ke koyon tuƙi da su. Ya ce ba jirgin da zai motsa taya sai an ba shi izini daga nan, kuma duk kalmar da aka furta na'ura tana naɗewa. Ya ce hukumar nan ita ke ba matuƙi lasisi, ita ke ba injiniya, ita ke ba su na hasumiya, kuma tana iya karɓewa. Likita ma sai ya duba idonsu da kunnensu lokaci-lokaci. Hatta dogayen turakun waya da muke gani a gari da jar fitila a kai, sai da izininta ake kafa su. Na jinjina kai. Ni in na yi kuskure zare ne ke cukurkuɗewa, su kuwa rai ne.

Muna saukowa na ji yadda rana ta buɗe, hankalina ya koma kan kwando. Tattabara ba ta jure ƙishi. Na raɗa wa Malama cewa zan kama ruwa, na zame na fita. Na ba su ruwa, na yi musu fifita da hulata. Da na zo komawa mai gadi ya ce baƙo ba ya shiga sai da ɗan rakiya, in jira. Na zauna a inuwa na jira, don jira ba ya ba ni wahala.

Daga baya na ji inda aka kai ajin a wannan tsakanin. Wurin wasu ma'aikata ne da ba su da aikin komai sai korar tsuntsaye daga titin jirgi. An nuna musu hotunan injin da tsuntsu ya lalata. An gaya musu dalilin da ya sa ake aske ciyawa, ake hana zuba shara da shanya hatsi a kusa da shinge. Duk ajin suka ji wannan darasi, har da Garba. Shugaban aji kaɗai ne yana waje yana yi wa tattabaru fifita.

Suka fito wurin bas tare da Malam Ishaya. Daidai lokacin wata Hajiya mai gilashi, da rigar ma'aikata mai ɗaukar ido a kan mayafinta, ta nufo motarta da maza biyu a bayanta. Ita ce shugabar masu binciken. Malam Ishaya ya gabatar da mu, ta tsaya da fara'a.

"Sannunku iyayena. Karatu da girma ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Allah ya ba da sa'a."

Malama ta yi mini alama da ido. Na fito da takarda, na tura akori-kurata har ƙarshen layi na huɗu. Aka ɗan tafa. Da na tsaya a nan, da yau ba ni da labarin bayarwa.

"Ranki ya daɗe," na ce, "muna da ɗan tukuici."

Na janyo kwandon, na yaye zanen. Na ji Garba ya yi ihu, "Kai, Shugaba, kada ka..." Na ɗauka zolayarsa ce ta kullum. Na buɗe murfin.

Wallahi sun tashi da kyau. Zabiya a gaba, sauran a baya, fukafukai na walƙiya a rana. Tattabara in an sake ta a baƙon wuri ba ta kama hanyar gida nan take, sai ta zaga ta gane gabas da yamma. Nawa kuwa, da na hore su da daɗewa a sama, suka tsallake shingen, suka soma da'irarsu daidai kan bakin titin jirgin.

Na fara tafi. Ni kaɗai. Na tafa sau uku ko huɗu ina murmushi ina duban fuskoki, ina jiran su biyo ni. Malama ta dafe ƙirji. Wata dattijuwa a ajinmu tana ta salati. Sannan na ji ƙarar, na ɗaga kai: wani ƙaramin jirgi ya riga ya sunkuyo zai sauka, hancinsa na kallon garkena.

Malam Ishaya ya fizge rediyon oba-oba daga hannun mai gadi yana magana da sauri cikin Turanci. Jirgin ya yi gurnani ya sake ɗagawa, amma ya shafi gefen garken. Na ga wani farin abu ya tarwatse kamar an yage matashin kai. Jiniya ta tashi. Wata mota ta fito a guje, ana harba wata bindiga mai ƙara da hayaƙi. Motar 'yan kwana-kwana ta bi bayanta.

Hajiyar ta juyo gare ni, fara'ar nan ta tafi. "Baba, naka ne? Kira su. Yanzu."

Ta yaya zan gaya mata cewa ba sa sauka sai a kan sorona? Na sa yatsu biyu a baki zan yi fito, fiton da nake yi tun ina saurayi. Bakina ya bushe ƙayau. Iska kawai ta fito, da ɗan yawu. Na sake, haka. Sai na cire hula na bi gefen shinge da gudu ina kaɗa ta, ina tsalle, ina kiran "Zabiya! Zabiya!", wadda a lokacin ma ba ta duniya. Babbar riga ta harɗe ni na faɗi a kan gwiwa, na tashi, takalmi ɗaya ya tsaya a baya. Dattijo mai furfura, shugaban aji, mai natsuwa. Ba wanda ya yi dariya. Da an yi dariyar ma da ta fi mini sauƙi.

Bindigar ce ta watsa su, kowacce ta kama gabanta. Jirgin ya yi ta zagaye har aka tabbatar sama ta yi fili, sannan ya sauka, motar kwana-kwana na biye da shi. Ta cikin shinge na hango wanda ya fito. Yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba. Ta yi taku kaɗan ta zauna a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa. Aka ce mini ranar ce ta farko da aka bar ta ta tashi ita kaɗai ba malami a gefenta.

Aka kai ni wani ofis mai sanyi, ni da Malam Ishaya. Na zaci za a kira 'yan sanda. Hajiyar ta sa aka ba ni ruwa. Wani ya shigo da leda ya ajiye a kan tebur, da fararen gashi da jini a ciki, da ƙafa mai jan zobe.

"Ka san wannan?"

"Na san ta, ranki ya daɗe. Na san uwarta ma."

Ta cire gilashinta ta murza ido. "Baba, a fiffike ta bugu, ta ɗan loɓa shi. Da gilashin gaba ta samu, ko farfela, da wata maganar muke yi yanzu. Jirgin nan ba zai sake tashi ba sai injiniya ya duba shi ya sa hannu. Kuma duk tsuntsun da ya taɓa jirgi a ƙasar nan sai an rubuto mana, ko da ba wanda ya ji ciwo. Ba don mu kama mutane ba ne. Don kada gobe a maimaita."

Na ba da labarina tun daga shagon aski, wani yana rubutawa. Aka karanta mini, aka turo mini tawadar dangwale. Na ce na iya sa hannu. Wannan ce takardar hukuma ta farko da na rubuta sunana a kanta da biro, abin da na shiga aji dominsa. Ba haka na tsara ranar a raina ba.

Sannan ta juya ga Malam Ishaya. "Wa ya ɗauki nauyin baƙin nan?"

"Ni ne, Hajiya."

"Ka tambayi abin da suka zo da shi a mota?"

"Ban tambaya ba."

Na miƙe tsaye. "Ranki ya daɗe, don girman Allah, bawan Allah nan bai san komai ba. Ɓoye masa na yi. Ko yayarsa ba ta sani ba. Ni za a hukunta."

"Na yarda da kai, Baba. Zauna," in ji ta. "Amma kai ba ka da lasisi a wurinmu. Shi yana da shi."

Malam Ishaya bai dube ni ba. Idonsa na kan ledar.

Muka kamo hanyar gida a bas. Na rungume kwandon da ba komai a ciki sai kashi da gashi. Na yi ta jiran Malama ta yi mini faɗa, ba ta yi ba. Da za ta sauka ta tsaya kusa da ni ta ce, "Shugaba, gwiwarka na jini. Ka wanke da ruwan gishiri." Na gwammace ta mare ni.

Hajara ta ga fuskata da kwandon, ta ɗora ruwa. Na hau soro da farantin dawa. Kafin magariba tara suka dawo, a firgice, ba su ko kalli dawar ba. Cikin kwanakin da suka biyo baya shida suka ƙaru, ɗaiɗai. Sauran ko shaho ya ɗauka, ko sun sauka a soron wasu. A ƙa'idarmu ta masu kiwo, tattabarar da ta sauka a soronka ta ci hatsinka ta zama taka, ba a zuwa biko. Ni ma na sha cin moriyar wannan ƙa'ida, don haka ba ni da bakin magana. Akwai wani toka-toka da nake gani yanzu a garken wani mutum a Tudun Jukun. Na san tashinsa. Nakan kawar da kai.

Bayan mako biyu na ɗauki goro na tafi Wusasa ba da haƙuri. Na tarar da Malam Ishaya a gida da hantsi, ranar aiki, yana ba shukokinsa ruwa. An sauke shi daga kujerar hasumiya har a gama bincike. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya karɓi goron da hannu biyu.

"Baba, ya wuce. Yarinyar ta sauka lafiya, shi ne babba."

"Maganar ƙarin matakin fa?"

Ya juya goron a hannu. "An ba ni takardar gargaɗi. An ce sai zagaye na gaba, wato baɗi. Abokin aikina aka tura." Sai ya yi ɗan murmushi. "Amma fa sun iya tashi. Ban taɓa ganin garke mai haɗin kai haka ba."

Wannan yabon na so in ji tun farko. Na same shi a kan tabarmar mutumin da na tare wa hanya.

Na koma aji, don barinsa zai zama asara ta biyu ga Malama. Amma na ajiye shugabanci, na koma bencin baya. A unguwa kuwa labari ya riga ni isa. Yanzu ko yara in jirgi ya wuce sai su ce, "Kyaftin, ga abokan hamayya!" Garba yakan miƙo mini shayi ya ce, "Hasumiya ta ba ka izinin sha." Ina karɓa in sha, don na cancanta.

Abin da na koya bai da yawa. In an kai ka wurin aikin mutane, ka tsaya a ji bayani da kai har ƙarshe, ko da me ka baro a ƙarƙashin mota. In kuma za ka yi wa wani abin mamaki, ka fara tambayarsa ko yana so.

Ga abin da ya tafi. Tattabaru tara cikin ashirin da huɗu, har da Zabiya. Fiffiken jirgi ɗaya da ya loɓa. Ziyarar 'yan makaranta, da aka dakatar tun daga ranar. Shugabancin aji. Babbar riga ɗaya da ta yage a gwiwa. Da shekara guda ta Malam Ishaya, wadda ba ni da hanyar mayar masa.